Ladan Kuturu da Rawanin Wakilci: Abin da Ya Sami Marubutan Wasan Kwaikwayo a Birtaniya



Yau Birtaniya za mu leƙa, mu duba gidajen wasan kwaikwayo na dandamali, inda 'yan wasa ke fitowa gaban jama'a ido da ido. Na san wani zai ce me ya haɗa mu da su, mu da ke fama da kuɗin buga littafi. Tambaya guda ce ta haɗa mu, wadda ko ba daɗe ko ba jima kowane marubuci zai yi karo da ita: idan wani ne ya biya kuɗin rubutunka, wasu kuma suna ganin da yawunsu kake magana, labarin wa za ka bayar? Marubuta baƙaƙen fata da 'yan asalin Asiya mazauna Birtaniya sun shafe fiye da shekara 60 suna kokawa da wannan tambaya a bainar jama'a, kuma duk abin da ya faru yana nan a rubuce.

A 1964, Gidan Wasan Kwaikwayo na Ƙasa da ke Landan, yana da shekara ɗaya da buɗewa, ya nuna wasan Othello na Shakisfiya. Tauraron wasan baƙin mutum ne, janar ɗin soja a birnin Venis. Wanda ya fito a matsayinsa shi ne shugaban gidan, Laurence Olivier, Bature, bayan ya shafe jikinsa da baƙin kwalli ya sauya murya. Aka yi ta tafi. Sai a 1997 baƙar fata, David Harewood, ya samu ya fito a matsayin Othello a wannan gida. A 2025 kuma Indhu Rubasingham, wadda iyayenta Tamilawa ne daga Siri Lanka, ta karɓi ragamar shirya wasannin gidan gaba ɗaya. Ita ce mace ta farko a kujerar, ita ce kuma ta farko da ba farar fata ba.

Ra'ayina shi ne, tallafin gwamnati ne ya sa wannan sauyi ya yiwu, amma tallafin ya zo da tarko a ƙarƙashinsa, wato a naɗa wa marubuci rawanin wakilcin ƙabilarsa. Waɗanda aikinsu ya ɗore su ne waɗanda suka karɓi kuɗin suka ƙi rawanin.

Mu fara da yadda kuɗin ke tafiya. A Birtaniya, kuɗin tikiti kaɗai ba ya riƙe gidajen da ke gwada sababbin marubuta. A 1946 aka kafa hukumar raya fasaha da suke kira Arts Council, wadda masanin tattalin arzikin nan John Maynard Keynes ya jagoranci tsara ta. Ƙa'idarta ita ce gwamnati ta zuba kuɗi ta ja da baya, ƙwararru su raba. Minista ba shi da hurumin cewa a nuna wannan wasa a bar wancan. Bayan an ƙirƙiro cacar ƙasa a 1994, aka riƙa ware wa hukumar wani kaso daga ribarta. A ɗaya ɓangaren kuma, tun daga 1737 babu wasan da za a nuna wa jama'a sai wani babban jami'in fada mai muƙamin Lord Chamberlain ya duba ya amince. A 1968 majalisa ta soke wannan iko. Daga ranar ba wanda zai hana ka rubuta abin da ka ga dama. Abin da ya rage shi ne wa zai ba ka dandamali. Iko ya bar hannun mai tacewa ya koma hannun mai rabon kuɗi.

Dandamalin kuwa ba ƙaramin abu ba ne a wurinsu. Shakisfiya ya rubuta jerin wasanni a kan sarakunan Ingila, kuma ta nan mutane da yawa suka san waɗannan sarakuna. Masu sharhinsu ma suna da wani rukuni da suke kira wasan halin da ƙasa ke ciki. Saboda haka duk wanda ya tsaya a kan babban dandamali yana ba da labarin Ingila, kamar an yarda ke nan shi ɗan gida ne.

A watan Yunin 1948 jirgin ruwa mai suna Empire Windrush ya sauke ɗaruruwan mutanen yankin Karebiyan a tashar Tilbury. Bayansu sai ga mutanen Indiya da Pakistan da Afirka ta Yamma, domin ƙasar na neman ma'aikata a asibitoci da masana'antu da harkar sufuri. Ƙofar dandamali ta ɗan buɗe musu kaɗan. A 1958 gidan Royal Court ya nuna Moon on a Rainbow Shawl na Errol John, ɗan ƙasar Tirinidad, kuma a wannan zamanin ne Wole Soyinka ya yi aiki a gidan yana karanta wasannin da ake aikowa. To amma ɗaiɗaiku ne, kuma zaman baƙunta suke yi.

A 1976 wata 'yar jarida, Naseem Khan, ta fitar da rahoto mai suna The Arts Britain Ignores, ma'ana fasahohin da Birtaniya ta kau da kai daga gare su. Ta nuna cewa waɗannan al'ummomi suna da kiɗa da rawa da wasanni a zaurukan unguwa da na coci-coci, amma rabon kuɗi kusan bai san da su ba. A shekarar ne aka kashe wani matashi mabiyin addinin Sikh, Gurdip Singh Chaggar, a unguwar Southall, kisan da ya girgiza 'yan Asiya. Shekara guda bayan haka Jatinder Verma da abokansa suka kafa ƙungiyar wasa ta Tara Arts. A 1981 tarzoma ta ɓarke a Brixton tsakanin matasa baƙaƙen fata da 'yan sanda. Daga nan majalisar birnin Landan, ƙarƙashin Ken Livingstone, ta buɗe bakin aljihu. Da tallafinta Yvonne Brewster, 'yar asalin Jamaika, da abokan aikinta suka fara ƙungiyar Talawa a 1986. A wannan shekarar ita ma Arts Council ta sa wa kanta burin kashe aƙalla kashi 4 cikin 100 na kuɗinta a kan fasahar tsirarun ƙabilu.

A lura da lokacin da kuɗin ya zo da yawa: bayan tarzoma. Ruwan kashe gobara ne, kuma a wani aljihu na daban aka zuba shi, mai tambarin tsiraru. Wannan ya jawo illoli. Manyan gidaje suka wanke hannuwansu, tunda ai an ware wa waɗancan nasu. Aka kuma riƙa auna aikin ƙananan ƙungiyoyin da wani mudu daban: wace matsalar unguwa wasan ya taɓo, matasa nawa ya janye daga titi. Marubuci Bature ana tambayarsa ko wasan ya yi kyau, shi kuwa baƙar fata ana tambayarsa ko wasan ya yi amfani. Sannan ƙaramin aljihu ba ya wuyar yankewa. Gwamnatin Margaret Thatcher ta rushe majalisar birnin Landan a 1986, ƙungiyoyi da dama da suka dogara da ita suka durƙushe. Temba, wadda ke cikin tsofaffin ƙungiyoyin baƙaƙen fata tun 1972, ta rufe a farkon shekarun 1990 bayan an janye mata tallafi. Hausawa sun ce kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. A nan kuwa har ka gama askin ma ana iya sallamarka.

Wani zai ce, in ba don aljihun nan ba da ba a samu komai ba. Gaskiya ne, kuma adalci ne a faɗa. A cikin waɗannan ƙungiyoyi 'yan wasa da daraktoci da yawa suka koyi aiki lokacin da manyan gidaje ba sa kallonsu. Ƙungiyar Tamasha, wadda wasu mata biyu suka kafa a 1989, ita ta fito da East is East na Ayub Khan-Din a 1996, labarin wani ɗan Pakistan da matarsa Baturiya da 'ya'yansu, wanda aka mayar fim a 1999 ya yi kasuwa sosai. Tara da Talawa suna nan da ransu har yau. Sai dai a duba yadda suka rayu. Talawa ta riƙa ɗauko wasannin Shakisfiya tana yi da 'yan wasa baƙaƙen fata. Verma kuma, da ya samu shiga Gidan Wasan Ƙasa a 1990, wasan Tartuffe na Moliya, marubucin Faransa, ya ɗauko ya mayar da shi cikin salon wasan Indiya. Aljihun ya zame musu tsani ne kawai. Ba su yarda ya zama ɗakin kwanansu ba.

Babban sauyin ya zo ne bayan wani kisan. A 1993 wasu samari farar fata suka kashe Stephen Lawrence, ɗalibi baƙar fata mai shekara 18, a kudu maso gabashin Landan, 'yan sanda kuma suka yi wa binciken riƙon sakainar kashi. Rahoton kwamitin Macpherson na 1999 ya ce wariyar launin fata ta shiga cikin tsarin aikin rundunar kanta. A wannan shekarar ƙaramin gidan wasa na Tricycle ya nuna The Colour of Justice, wanda aka harhaɗa shi kacokan daga maganganun da shaidu suka yi a gaban kwamitin. A 2002 wani rahoto mai suna Eclipse ya juya wannan madubi ga gidajen wasan su kansu: su wa ke shugabanci, su wa ake ɗauka aiki? Ƙofofi suka fara buɗewa. A 2000 David Oyelowo, wanda iyayensa 'yan Najeriya ne, ya fito a matsayin Sarki Henry na Shida a babbar ƙungiyar wasannin Shakisfiya da ke Stratford, baƙar fata na farko da ya yi sarkin Ingila a can. A 2003 Adrian Lester ya yi Henry na Biyar a Gidan Wasan Ƙasa, a shekarar da aka mamaye Iraƙi. A 2003 ɗin ne kuma gidan ya nuna Elmina's Kitchen na Kwame Kwei-Armah, wanda daga baya ya shiga manyan gidajen kasuwanci na West End.

Nan tarkon ya sake kama. Wasannin baƙaƙen fata da suka fi samun shiga manyan gidaje a waɗannan shekaru, da yawansu a kan bindiga da wuƙa da matasan unguwannin talakawa suke. Wasu daga ciki ƙwararrun ayyuka ne, matsalar da suka taɓo kuma ta gaske ce. Amma wasu marubuta da masu sharhi baƙaƙen fata suka fara tambaya: ina labarin likita, ina na soyayya, ina na barkwanci, ina na tsohuwa da jikokinta? Ba wanda ya kafa doka cewa sai labarin wuƙa. Masu zaɓe ne ke zaɓar abin da ya yi daidai da hoton da ke kansu, sababbin marubuta kuma suna kallon abin da aka zaɓa su rubuta irinsa. Wannan tacewa ta fi ta Lord Chamberlain wuyar yaƙa, domin ba ta da ofis.

Matsin bai tsaya ga masu kuɗi ba. A Disambar 2004 gidan wasan Birmingham Rep ya nuna Behzti na Gurpreet Kaur Bhatti. Kalmar da harshen Punjabi tana nufin zubar da mutunci. A cikin wasan akwai fyaɗe da kisan kai da suka faru a cikin wurin ibadar mabiya Sikh. Kafin a fara nunawa gidan ya tuntuɓi dattawan al'ummar, suka nemi a mayar da wurin ya zama zauren taro, aka ƙi. Ɗaruruwan mutane suka yi zanga-zanga, aka farfasa gilasai, aka dakatar da wasan, marubuciyar ta ɓuya saboda barazanar kisa. Mu ba sai an yi mana dogon bayani ba kafin mu gane ɓacin ran wanda aka taɓa wurin ibadarsa, kuma mutum na iya ganin cewa da an sauya wurin, da saƙon ya isa ba tare da gobara ba. Amma ga abin lura. Marubuciyar ita ma 'yar Sikh ce, abin da take magana a kai kuma shi ne yadda mai faɗa-a-ji ke fakewa da mutunci ya zalunci mata. Da rigima ta tashi, sai aka riƙa kiran dattawan da sunan al'umma, ita kuma ta koma bare. Tsarin da ke ƙirga mutane dami-dami dole ya nemi shugaban kowane dami ya yi magana da shi, shugaban kuma galibi dattijo ne namiji. Mace ko matashi mai wani labari daban ba su da gurbi a lissafin.

Wasanni biyu na 2009, dukansu na marubuta farar fata, sun ƙara fito da maganar fili. England People Very Nice na Richard Bean wasan barkwanci ne a kan baƙin da suka yi ta sauka a unguwar Bethnal Green tsawon ƙarnoni: Furotesta 'yan gudun hijira daga Faransa, mutanen Ayaland, Yahudawa, da Musulmi 'yan Bangaladash. Wasu suka yi dariya, wasu suka ce izgili ne da kuɗin harajinsu, har aka yi zanga-zanga a Gidan Wasan Ƙasa. Na biyun shi ne Jerusalem na Jez Butterworth a Royal Court. Tauraronsa mashayi ne, maƙaryaci, mai sayar da ƙwaya, yana zaune a bakin daji a wani ƙauyen Wiltshire, hukuma na son ta tashe shi. Masu sharhi suka ce wannan shi ne hoton ran Ingila. Ba wanda ya ce Butterworth ya zubar da mutuncin Turawa, ba wanda ya ce ya fara tuntuɓar dattawan Wiltshire. Mashayinsa mashayi ne shi kaɗai, bai ɗauko ƙabila a kansa ba. A ganina wannan ne ma'aunin zama ɗan gida a adabin kowace ƙasa: ka iya ƙirƙiro mugu daga cikin mutanenka ba tare da an ce dukanku kake nufi ba.

A Fabrairun 2011, Firaminista David Cameron ya tsaya a birnin Munich na Jamus ya ce manufar gwamnati ta barin kowace al'umma da al'adarta ta gaza, ta raba kan jama'a. Da Hausa dai, yana nufin an koma zaman 'yan marina, kowa da inda ya sa gaba. Game da aljihun tsiraru akwai ƙamshin gaskiya a maganar, kuma a wannan shekarar Arts Council ta sauya hujjarta: ta ce a daina kallon bambancin al'adu a matsayin taimakon marasa galihu, a gane cewa fasahar kanta ce ke ƙaruwa da shi. Inda nake rabuwa da Cameron shi ne maganin. In an ce kowa ya rungumi labarin ƙasa guda ɗaya, wa zai rubuta labarin? A 2018 aka bankaɗo cewa ma'aikatar cikin gida ta tsare wasu dattawan zuriyar Windrush, ta hana wasu aiki da magani, har ta kori wasu daga ƙasar da suka shafe shekara 50 a cikinta. Shekara guda bayan haka Gidan Wasan Ƙasa ya nuna Small Island, daga littafin Andrea Levy, labarin zuwan iyayensu. Wannan ma labarin Ingila ne.

Waɗanda suka fi burge ni su ne waɗanda suka ƙi tsayawa inda aka ajiye su. Roy Williams, ɗan asalin Jamaika, a 2002 ya rubuta Sing Yer Heart Out for the Lads. Wasan a mashaya yake gudana, ranar da Jamus ta ci Ingila 1 da nema a tsohon filin Wembley a 2000. Akwai matashi baƙar fata mai mutuwar son ƙungiyar Ingila, kewaye da Turawa, cikinsu har da mai aƙidar wariya wanda marubucin ya ba shi baki mai kaifi, bai mayar da shi dodo ba. Baƙar fata ne ya zana Turawan Ingila, kuma suka gane kansu. Inua Ellams, haifaffen Jos, a 2017 ya kawo Barber Shop Chronicles, hirarrakin shagunan aski a Landan da Legas da Akra da Kampala da Harare da Johannesburg, duk a rana ɗaya ana kallon wasan Chelsea da Barcelona. Maza ne ke gardama a kan harshe da siyasa da iyaye, ana dariya ana faɗa. A 2019 ya ɗauki Three Sisters na Chekhov, marubucin Rasha, ya dasa shi a Owerri lokacin yaƙin basasar Najeriya. Kafin shi, marigayi Biyi Bandele, haifaffen Kafanchan, ya riga ya sa wasanninsa a Royal Court da Stratford tun shekarun 1990. Da kuɗin hukuma aka yi duk waɗannan ayyuka, amma ba wanda zai kalle su ya ce cike fom aka yi.

Kada kuma a ɗauka magana ta ƙare. A 2022 ministar al'adu Nadine Dorries ta umurci Arts Council ta kwashe wani kaso na kuɗi daga Landan zuwa sauran yankuna. Da aka fitar da sabon rabo a watan Nuwamba, gidan Hampstead, wanda ya yi suna wajen gwada sababbin wasanni, ya rasa tallafinsa dungurungum, haka ma Donmar Warehouse. Gwamnatin da aka ce ta ja da baya ashe hannunta na iya kaiwa duk ranar da ta so.

Mu ma tarihinmu ya taɓa wannan hannu. Ƙagaggun labaranmu na boko sun samo tushe daga gasar da Rupert East, jami'in ilimi na gwamnatin mulkin mallaka, ya shirya a 1933, wadda ta haifar da Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar da sauransu. Kuɗin hukumar Ingila ne, da buƙatarta ta samun littattafan karatu a makarantu, kuma alheri ya fito daga ciki. A shekarun 1980 kuma marubutan Kano, mata da maza, suka buga littattafansu da kuɗin aljihunsu, suka rubuta soyayya da kishi da rikicin gidan aure, suka tara masu karatu ba tare da sun jira kowa ba. A yau mai rabon kuɗin ya sauya kama. Sau da yawa ƙungiyar agaji ce da ke son wasan rediyo a kan allurar rigakafi ko ilimin 'ya mace, ko gasa mai jigon da aka riga aka yanka, ko mawallafin waje da ba ya jin labarin Arewa sai da almajiri ko ɗan bindiga a ciki. A gida kuma ga masu cewa ka tona mana asiri.

Shawarata ga sabon marubuci ita ce, in aikin kwangila ya zo, karɓi kuɗinka ka yi shi da kyau, ba abin kunya ba ne. Amma ka ajiye wani rubutun a gefe wanda ba wanda ya saya tun kafin a rubuta shi. Ka duba taurarinka: in kowannensu an ƙirƙiro shi ne don ya tsaya a madadin matan karkara ko matasan Arewa, to allon talla ka zana. Ka ba shi suna da hali da laifin da yake nasa shi kaɗai. Ka koyi rubuta wanda ba irinka ba da adalci, yadda Williams ya yi wa masu shan giyarsa. Ka kuma tara masu karatun da za su nemi aikinka da kuɗinsu, komai ƙanƙantarsu, domin su ne kaɗai tallafin da minista ba zai iya janyewa ba.

Tambayar da zan bar mana ta wannan mako: a cikin rubutun da kake yi yanzu, ko kike yi, akwai wurin da aka sauya wani abu don gudun ɓacin ran mai biya ko na mutanen gida? Wane abu ne, kuma labarin ya ƙaru ko ya ragu? Mu ji daga gare ku.